Yaya ya ce a yanka filin gado kowa ya ja katangarsa, ni kuma ina son gida ɗaya da zai ɗauke mu har da Hajiya. Ina mafita?

Autan Hajiya:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka san harkar gini da kuma waɗanda suka taɓa zaman gidan yawa, musamman iyayenmu mata. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa shekara biyu kenan, ya bar mana fili ƙafa 100 da 100 a bayan gari nan Kano, da takardunsa, ba awon igiya ba ne. Mu shida ne, maza huɗu mata biyu, sai Hajiya. Dukkanmu mazan haya muke, kowa da unguwarsa.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne abin da ya faru bayan sallah babba. Hajiya tana zaune gun Yaya babba a wani falat a saman bene, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, tun da ta hau benen nan sai ta yi wata ba ta sauko ba. Ranar Yaya ya tafi kasuwa, matarsa ta tafi gun aiki, yara suna makaranta, Hajiya ta shiga banɗaki wajen ƙarfe goma santsin tayil ya kwashe ta, tana nan kwance tana kira har ƙarfe biyu saura da yara suka dawo, maƙociyar da ƙofarsu ke kallon juna ko sunanta ba ta sani ba balle ta leƙo. Wallahi da na je na ga yadda gefen fuskarta ya kumbura kuma tana ce min "ba komai Auta, tsautsayi ne" sai da na fita waje na yi hawaye. A gidanmu na cikin birni inda muka taso ko tari tsohuwa ta yi sau biyu sai wata ta ɗaga labule ta ce lafiya Inna.

To yanzu Allah ya hore mana ɗan abin da za mu fara gini. Yaya ya ce a yanka filin gida huɗu, hamsin da hamsin, kowa ya ja katanga ya sa get ɗinsa, a biya mata kasonsu da kuɗi, Hajiya kuma ta riƙa zagayawa wata uku nan wata uku can. Ni kuma ina ganin a yi ƙofa ɗaya, tsakar gida ɗaya, kowa da sashensa, Hajiya a tsakiya. Matar Yayana na biyu ta fito fili ta ce ita ba za ta haɗa kicin da kowa ba, tawa matar kuma ta yi shiru, kuma na san ma'anar shirun. Akwai yadda za a tsara gini a zauna tare ba tare da an ɓata zumunci ba? Ko dai ni ne nake mafarki?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya. Ni bari in fara da ɓangaren da maza ba ku cika gani ba, don shekara goma sha ɗaya na yi a gidan yawa, mu biyar faccaloli ga surukarmu.

Kai abin da kake tunawa shi ne ana ɗaga labule a ce lafiya Inna. Gaskiya ne ana yi. Amma wa ke ɗaga labulen? Wa ke wanke mata kaya, wa ke dama mata kunu da asuba, wa ke kwana a ɗakinta in jiki ya motsa? Mu ne. Ku kun fita tun safe sai dare ku shigo ku tsuguna ku gaishe ta ta sa muku albarka. Shirun da matarka ta yi lissafi take, tana ganin ita ce matar auta, duk aiken gidan kanta zai ƙare. To in kana son abin nan ya yiwu, da matan za ka fara zama, ba da magini ba.

Kuma matar Yayanka ta yi gaskiya a maganar kicin. Duk rigimar da aka yi a gidanmu in ka bi diddigi ɗaya daga cikin huɗun nan ne: madafi, banɗaki, igiyar shanya, sai faɗan yara. Ranar da maigida ya shigo da kaza ga faccalarki tana kaɗa miyar kuka ba ko ƙashi, ko ki ɓoye ki ci da ɗari-ɗari ko ki raba ta ƙare, ita ma ta ji ba daɗi ke ma kin ji ba daɗi, alhali ba wanda ya yi wa wani laifi, ginin ne ya sa tukunyarki a idon kowa. Banɗaki kuwa kar ma a yi magana, mace ta fito da bokiti da asuba idon gida duka a kanta.

Amma fa ban ce gidan yawa ba shi da daɗi ba. Da na haifi tagwayena aiki aka yi min, kwana arba'in ban ɗora tukunya ba, ban san wa ke wanke ɗan babban ba, ban san wa ke raka shi makarantar allo ba, kawai gani nake an miƙo kwano. Yanzu ina gidana ni kaɗai da get, in zan je asibiti sai na kulle yara ko na ja su duka. Wani lokacin da la'asar sai in ji gidan ya yi min shiru har ina kewar hayaniyar. Abin da nake so a ce na samu shi ne ƙofar da zan rufe in na so, da tsakar gidan da zan fita in na so. In za ku iya gina wannan to ku yi bismillah.

Mai Zane:

Malam Auta ba mafarki kake ba, kuma abin da Hajiya Uwar Biyu ta faɗa a ƙarshe shi ne ainihin aikin. Zanen gidaje ne sana'ata, bari in ɗan yi dogon bayani, a yi min haƙuri.

Mutane suna ɗauka gidan Hausa na da kowa a cakuɗe yake, ba haka ba ne. Mataki-mataki ne. Akwai ƙofar gida da dakali, na kowa da kowa ne. Akwai zaure, nan baƙo namiji ke tsayawa, nan maigida ke cin abinci da maƙwabta, nan ake karatu ko ɗinki. Ka wuce sai wani fili inda samari ke da ɗakunansu, sai shigifa, sannan cikin gida, kuma a babban gida cikin ma sassa ne, kowane magidanci da nasa. Ko ƙofofin ba a jere suke ba, a karkace ake yin su don na waje kar ya hango ciki. Duk wanda ke Kano ya shiga Gidan Makama ya bi zaurukan nan ɗaya bayan ɗaya zai ga abin da nake nufi. Abin da ya lalata zaman shi ne da mutane suka yi yawa aka cike filayen da ɗakuna, sashen da aka yi don mutum biyar ya koma na ashirin, banɗaki ɗaya. Sai muka gudu daga wannan muka faɗa falat, inda daga titi sai falo, babu komai a tsakani.

Yanzu lissafin filinku. Ƙafa 100 da 100 kusan mita 30 da 30 ne, wato wajen murabba'in mita 900. In kuka yanka huɗu, kowa zai ja katanga, kowa zai bar 'yar tazara tsakanin gini da katanga wadda ba ta amfanar kowa sai shara da ɓeraye, kowa get, kowa wurin mota, kowa ya haƙa sokawe, in da hali kowa bohol. Bohol huɗu da sokawe huɗu a fili ɗaya, wannan ma haɗari ne ga ruwan shanku. Kuma na baya biyun ta ina za su fita in filin fuska ɗaya yake kallon titi? Dole a yanke musu lungu, an sake cin fili. A ƙarshe ba wanda zai samu inda zai dasa ko bishiya ɗaya.

Da ni ne zan jera sassa huɗu a gefe-gefe su zagaye tsakiya, kowanne da falonsa, ɗakuna biyu, kicin, banɗaki, da ɗan ƙaramin fili nasa na shanya da shan iska wanda ba a hangowa daga babbar tsakar gida. A yi fandishan mai ƙarfi tun yanzu yadda duk wanda iyalinsa suka ƙaru zai hau sama, kar ya ci tsakiya. Wannan ita ce doka ta farko, tsakar gida ba ta ginuwa. Ƙofar kowane sashe kar ta kalli ta wani kai tsaye. Mitar wuta kowa da tasa, wannan kar ku yi wasa da shi, kuɗin wuta ya raba 'yan uwa da yawa. Abin da za a haɗa: get, zaure, bohol da tanki, sola ta famfon ruwa da fitilun waje, sokawe a can nesa da bohol, da rumfa guda mai murhun gawayi ko itace don girkin suna, biki, azumi da sallah. Kun ga kicin na kowa daban, amma ranar taro akwai inda za a ɗora babbar tukunya.

Sashen Hajiya shi ne zuciyar zanen. A ƙasa, ba matakala ko ɗaya, in ma akwai tudu a yi gangare. Ƙofa mai faɗi yadda keken marasa lafiya zai shiga ko da ba ta buƙata yanzu. Banɗaki a cikin ɗaki, masai na zama, tayil mai kaushi, ƙarfen riƙewa a bango, kuma ƙofar banɗakin ta buɗe ta waje, don in mutum ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba. A ƙara ɗaki ɗaya na mai kwana da ita. Sannan a yi mata baranda mai kallon tsakar gida da hanyar shigowa, yadda duk yaron da zai fita makaranta sai ya wuce ta gabanta, duk wanda ya dawo kasuwa sai ya gan ta. Tsoho ba kulawa kawai yake so ba, yana son ya ga shi ma ana buƙatarsa, ta riƙe jariri, ta tsinke zogale, ta raba faɗan jikoki. In kuka kai ta can ƙuryar baya wai don ta huta da hayaniya, kun maimaita benen nan ne a ƙasa.

Sai bishiya. Darbejiya ko mangwaro a tsakiya, ku dasa tun kafin a sauke bulo. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, tsakar gida da aka shafe da siminti ko intalok ba inuwa ba mai zama a cikinta, kowa zai shige ɗaki ya kunna fanka, shikenan an rasa abin da aka yi ginin dominsa. Kuma ku kai zanen KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, a amince kafin ku fara.

Ɗan Yamai:

Salam. Ni daga Nijar nake, ina so in ƙara bisa maganar Mai Zane. Nan Yamai akwai wasu gidaje da ake kira Niamey 2000, an gama su a 2016, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana. Gida shida ne a fili guda, kowane da bene, an yi su da bulon ƙasa wanda ake matsewa da inji, kuma su da kansu sun ce daga tsofaffin birane irin Kano da Damagaram da Tumbuktu suka ɗauko tunanin, inda gidaje ke manne da juna amma kowa da sirrinsa. Har aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance a kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2022. Ita ce kuma ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na garin Dandaji a nan Nijar.

Abin da ya sa na kawo shi, mutanenmu da sun ji ginin ƙasa sai su ce talauci, da sun ji gidaje a haɗe sai su ce gidan haya. To ga shi an yi na zamani, da wuta da ruwa da komai, ɗaki da sanyi da rana tsaka. Ba lalle ku yi da ƙasa ba in babu magina da suka iya a kusa da ku, don in ba a iya ba damina za ta ba ku wahala, amma ku nemi hotunan ku nuna wa Yayanku da matan gidan. Wani lokacin mutum yana ƙin abu ne don hoton da ke kansa na tsohon gida ne mai kwata a tsakiya.

Almajirin Zaure:

Allah ya saka da alheri Auta, niyyarka mai kyau ce. Amma akwai inda nake jin tsoro kuma ba wanda ya taɓo shi sosai. Filin nan ba na ku huɗu ba ne. Hajiya tana da tumuninta, ɗaya bisa takwas, ragowar a kasa goma, kowane namiji biyu kowace mace ɗaya. Maganar "a biya mata da kuɗi" sai in sun yarda da bakinsu, kuma a farashin yau, kuma a ba su a hannu, ba a ce sai an samu ba. Mun sha gani an gina gida a kan haƙƙin 'yan uwa mata suna kunya ba su yi magana ba, sai bayan shekara ashirin 'ya'yansu su kai ƙara kotu.

Ni shawarata ma kar ku fitar da su duka. A bar ɗaki ɗaya ko biyu a jikin sashen Hajiya da sunansu. 'Ya mace tana zuwa wankan jego, tana zuwa jinya, aure yana iya mutuwa, miji yana iya rasuwa, ina za ta nufa? Gidan da babu inda 'yar gida za ta sauke akwatinta ba tare da ta roƙi matar wa ko matar ƙani ba, bai cika gidan gado ba.

Na biyu, ku yau kuna shiri, amma ginin zai fi ku daɗewa. A raba gadon a takarda tukuna a gaban malami ko alƙali da shaidu, a san sashen wane daga nan zuwa nan, a rubuta cewa tsakar gida da zaure da ruwa na tarayya ne. A rubuta abin da zai faru in wani ya so sayarwa. A fiƙihun Malikiyya akwai shufu'a, abokin tarayya a abin da ba a raba ba shi ya fi cancanta ya saya kafin bare, to ku fito da shi fili a yarjejeniyarku har da sassan, a ce sai an fara tayawa 'yan gida. Haka maganar haya, in wani ya koma Abuja zai zuba duk wanda ya ga dama a sashensa ne ko sai da yardar sauran? Yayanku ba mugunta ce ta sa ya ce a ja katanga ba, wataƙila ya ga irin wannan ne a gidan wasu. In ka zo masa da amsar waɗannan a rubuce zai fi sauraronka fiye da in ka zo masa da kuka.

Uwar Biyu:

Malam ya gama magana wallahi, maganar ɗakin 'yan mata ta taɓa ni. In ƙara ɗaya ƙanina, jinyar Hajiya ma a tsara ta kamar yadda za a tsara kuɗin bohol. Kowane sashe da ranarsa ta kai mata abinci, ku maza ku ɗau kai ta asibiti da sayen magani da kwana in ta kama, ku haɗa kuɗi duk wata kamar adashi a ɗauki mai taimaka mata da wanki da shara. Uwarku ce, ku aka wajabta wa, abin da matanku suka yi kyautatawa ce, in suka ji kun san da haka za su yi fiye da yadda kuke zato. Kuma Mai Zane dan Allah a sa famfo da wurin wanki a kowane sashe, kar a ce sai an fito tsakiya.

Mai Zane:

An karɓa Hajiya, famfo kowane sashe. Na manta ban faɗi amfanin zauren ba a wannan zamanin, tunda wani zai ce ai akwai falo. Baƙon Yaya ba sai ya ratsa tsakar gida matan ƙannensa suna aiki ba, a zaure za a sauke shi, da ɗan banɗaki a gefe. Malamin da zai yi wa yaran gidan karatu da yamma nan zai zauna, yara goma sha wani abu a haɗa kuɗin malami ɗaya. Zaman gaisuwa ko ɗaurin aure ba sai an tare titi ba. In an yi shi da ƙofa ta waje har shago ɗaya za a iya fitarwa a jikinsa, kuɗin hayar ya tafi gyaran famfo da kwashe sokawe.

Autan Hajiya:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Uwar Biyu maganarki ta shige ni, jiya da daddare na zauna da matata na ce ta faɗa min gaskiya, ashe tsoronta kenan, ta ce ita tana son Hajiya amma ba ta son ta zama 'yar aiken gida, da na karanta mata maganar kicin da ƙofa da rabon ranakun jinyar Hajiya sai ta ce in haka ne ita ma ta fi son yaranta su taso da 'yan uwansu. Malam kuma na kira Yayata babba mace, na tambaye ta ra'ayinta a kan filin, ta yi shiru sannan ta ce tunda aka yi rasuwar nan ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce ita ba kuɗi take so ba, ɗaki take so kusa da Hajiya.

Ranar Juma'a bayan masallaci za mu haɗu mu shida a gun Hajiya, zan je da takarda na zana abin da Mai Zane ya faɗa ko da da biro ne, da hotunan gidajen Yamai a waya. Mai Zane tambaya ɗaya, in Yaya ya dage shi lallai sai ya samu ƙofarsa ta waje, za a iya ba sashensa ƙofa biyu, ɗaya titi ɗaya tsakar gida, ko hakan zai ɓata tsarin?

Mai Zane:

Za a iya, ba ya ɓata komai, in dai sashensa na gaba ne mai kallon titi. Ka ba shi ƙofarsa ta waje da wurin motarsa. Ta cikin dai ka tabbata ta buɗe kusa da barandar Hajiya.